Sa Baki

A ɗakin Mama Sisiliya, bayan tashar Billiri,
akwai kalandar da shekararta ta wuce tun ina firamare.
Ta ƙi cirewa. Waliyyai ne a jiki,
hayaƙin aci-bal-bal ya rine su sun koma kalarmu.

Takan kira su kamar mai kiran maƙwabta ta kan danga:
Antoni, makullin akwati ya sake ɓata.
Monika, ke ma kin haifi mai kunnen ƙashi,
kin san zafin abin.
Ga nawa nan, Lamela.
Ki sa baki.

Kawu Yila ɗan Ekwa ne, Littafi kullum a hammata.
Ran da ya zo karɓar daddawa bashi
ya dubi bangon ya ce,
"Ƙofar Uba a buɗe take, Sisiliya,
me ya kai ki zagaye?
Matsakanci ɗaya ne, haka aka rubuta."

Ba ta ɗago daga tsintar kalwa ba.
"Ɗaya ne, ban ce biyu ba,
ba kuma takarda nake durƙusa wa ba.
Amma bara, da kububuwa ta sari Briskila a gonar gyaɗa
aka kwashe ta sai Kaltungo,
wa ya bi gida-gida da tsakar dare, ba takalmi,
yana cewa ku sa mu a addu'a?
Ƙofar a rufe take ran nan?"

"Ai ku masu rai ne."

"Au. Wanda ya isa gida shi ne matacce,
mu da ke kan hanya mu ne masu rai?"

Kawu ya ɗauki daddawarsa.
Bai biya ba, bai kuma yarda ba.

Ni ban bi bayan kowa ba.
Na bi baƙin mai da sifana,
Lahadi ta zama ranar da babura suka fi lalacewa.
In na dawo da warin burkutu
sai in tarar da ita a bakin ƙofa,
yatsunta na tafiya kan rosari
kamar mai ƙirga kuɗin da ake bin ta.

Ta rasu da kaka, ana yankan dawa.
Katikis ya ce mu riƙa yi mata addu'a,
ba mu ne ke da sanin inda tafiya ta kai ba.
Na sa an yi mata Misa uku.
Rosarin na rataye a ƙusa ɗaya da makullin shago.

Sai daren jiya.
Jikin 'yata kamar murhu, idanu sun juye,
mai babur ya ce tayarsa ta yi faci,
ni da ke gyaran na kowa, nawa ba mai.
Na buɗe baki zan yi wa Allah magana,
na rasa ta inda ake farawa.
Shekara goma sha ɗaya ban gaishe Shi ba.

Da ɗan gari akan ci gari.

Na ce, Mama,
in kin isa, in an ba ki wurin zama,
ko can baya ne kusa da ƙofa,
ki taɓa Monika, ta san labarina.
Ku ce wa Maryamu ta faɗa wa Ɗanta
Lamela ne, yana waje,
kunya ta hana shi sallama.

Daga nan bakina ya saku.
Na ce, Uba.

Yanzu gari ya waye a asibiti.
An ɗaura mata ruwa, leda ta biyu.
Likita bai ce komai ba tukuna.
Ta taga ina hango giginya guda da jelar dutse,
ga Kawu Yila a bakin gado, ya tsufa,
idonsa a rufe, leɓensa na motsi.
Shi ta ƙofarsa, ni ta tawa.
Ban ce masa komai ba.
Har yau bai biya kuɗin daddawar ba.